Hirar Fim a Barandar Miguelina

Ku da kuka saba bin labarina, yau ku yi min uzuri idan kun ji bakina da ɗaci. Labarin wata Lahadi zan ba ku. Wanda kuma yau ya fara shigowa, sunana Yudelka, ina gab da cika talatin, ina aiki a wani kantin magani a nan Santiago, kuma ni ce 'yar da Mami take kai ƙararta gaban Allah duk Lahadi a coci saboda har yau ban yi aure ba. Mutumin da ta ƙwallafa rai a kansa sunansa Radhamés. Ya daɗe a New York, ya dawo da tumbi, da sarƙar wuya mai kaurin igiyar akuya, da wata farar a-kori-kura da yake wanke ta fiye da yadda yake wanke jikinsa.

Ranar Asabar ya kai ni sinima. Da safiyar Lahadi ina buɗe ido na tarar da saƙonsa.

"Sarauniyata, kin tashi? Jiya kin ga mace a fim ɗin nan ko? Ki yi tunani."

A ƙasan saƙon ga hotonsa kwance a gado ba riga, gashin ƙirjin nan ya cukuikuye da sarƙar. Na kifa wayar a kan matashi na tafi na wanke fuskata.

Mami tana madafa tana tuƙa agada, albasa tana soyuwa a gefe, ta riga ta saka shuɗiyar rigarta ta zuwa coci, ta ɗaura tsohon tawul a ƙugu kada mai ya taɓa ta. Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Ya kawo ki har ƙofar gida, ya fito ya gaishe ni. Samarin yanzu wa yake yin haka?"

Na ce, "Mami, ƙafarsa wari take."

"Ƙafa ake wankewa. Shekaru kuwa ba a mayar da su baya. Yau ina za ki?"

"Gidan Miguelina, za ta yi min gashi."

Sai a lokacin ta juyo. Ta ce, "Ki zauna abinki can, kada ki yi gaggawar dawowa. Ki bari ya bushe sosai."

Mami da in na wuce awa ɗaya a waje sai ta kira ni ta ji ko mota ta take ni. Na ɗan yi mamaki, amma yunwa ta fi mamakin ƙarfi, na ci abincina na saka wandon jins da farar riga mara hannu, na tari ɗan acaba.

Miguelina a barandar gidanta take gyaran gashi. Kujera ɗaya ce mai juyawa wadda ta yage aka liƙe da salatif, sai madubin da ta jingina a taga, sai bokitin rolar naɗa gashi kala-kala. Tun muna firamare muke tare, ta riga mu aure, yaranta biyu, bakinta kuma ba shi da birki. Na tarar da Dahiana ta riga ni, ta miƙe ƙafa a kan kujera mai lilo tana shafa jan farce. Ita ce ta ukunmu. Ta fara karatun jinya ta bari a rabi, yanzu tana karɓar kuɗi a wani babban kanti. Doguwa ce, mai son dariya, kuma in kana neman wanda zai raka ka kallon fim ɗin aljanu, ita ce.

Miguelina ta ce, "An ɗauke wuta tun asuba, saboda haka rana ce za ta busar da ku. Wadda ba ta so ta koma gida da kanta kamar sheƙar tsuntsu."

Ta wanke min kai a bayan gida da ruwan tanki, ta zaunar da ni ta fara naɗa rola. A kantin kusurwa sun kunna kiɗa da batir, tsofaffin layin suna buga wasan domino a tebur kamar masu faɗa. Mijin Miguelina yana ciki yana minshari, har barandar muna ji.

Dahiana ta ce, "Ke Miguelina, ya aka ƙare da matar nan taki ta fim ɗin da ake sawa a talabijin da yamma? Ta farfaɗo?"

"Ta farfaɗo mana. Wata shida tana kwance ba ta san inda kanta yake ba, amma ta buɗe ido da jan baki da gashin ido har goshi. Ni a haihuwar fari, da na dubi madubi sai da na tambayi nas ko wace ce wannan."

"Kuma kina kallo kullum."

"Ina kallo mana. In ban kalla ba wa zan zaga? Shi wancan?" Ta nuna ɗaki da tsinin mataji. "Shi ko zagin ba ya ji."

Dahiana ta hura farcenta ta ce, "Ni abin da yake ba ni haushi da fim ɗin tsoro, mutum ya ji motsi a ɗakin ƙasa, wuta a ɗauke, sai ya ɗauki kyandir ya ce bari ya je ya duba. Duba me? Da a layin nan ne, kafin aljanin ya gama buɗe ƙofa mun kai gidan maƙwabta da kayan barci."

Miguelina ta ce, "Aljanin da zai shigo gidan nan ai sai ya taya ni wanke-wanke. Ruwa bai zo ba tun Laraba."

Muka yi dariya. Ta ja min gashi har sai da na ce wash, ta ce, "To amarya, an ce jiya an je sinima da mai sarƙa. Ba mu labari. Wane fim?"

Na ce, "Sabon nan na matar mai kamun kifi. Kun gani?"

Miguelina ta ce ina ta ga lokaci. Dahiana ta sunkuya kan babban yatsanta ta ce ita ba ta kallon fim ɗin kuka.

Na gyara zama, don tun daren jiya abin yake cina. Na ce, "Da farko dai, muna zama ya cire takalmi. Duka biyun. Matar da ke gabanmu ta waiwayo tana neman inda ɓera ya mutu. Na ce a raina, Yudelka, daure, wataƙila takalmin ne ya matse shi. Ana kashe fitila sai na ji ƙamshin mai. Ashe soyayyar kaza ya ƙunso a takarda ya cusa a aljihun wando, wai gugguru na yara ne."

Miguelina ta saki rolar da ke hannunta. "A aljihu?"

"A aljihu. Ya ci, ya tsotse ƙashi, ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da ƙara, sannan ya miƙo hannun nan ya kama nawa."

"Allah ya kiyaye. Kin wanke da me?"

"Ban gama ba. Da ya ƙare, ya ciro tikitin shiga ya naɗe shi ya yi sakace da shi. Abin da ya fito ya duba shi a hasken allo, ya mayar baki."

Miguelina ta toshe bakinta da tawul ta juya baya. Dahiana ta yi dariya, amma gajeriya, ba irin wadda na sani ba. Ni dai ina cikin zuba ban kula ba.

Na ce, "Fim ɗin kansa kuma ba laifi, da da mutum na kalla. Mijin ya fita teku bai dawo ba, ya bar ta da ubansa makaho. Ita ce ba shi abinci a baki, ita ce kai shi bayan gida. Masu sonta suna ta zuwa tana korarsu. Jarumar ta iya, ba kwalliya ba komai, har na fara hawaye. Amma shi bai bar ni na ji komai ba, kafin abu ya faru ya riga ya faɗa min. Yanzu jirgin zai kife. Yanzu tsohon zai faɗi. Sai da aka zo inda take wanke wa tsohon ƙafa a roba, ya zungure ni da gwiwar hannu, ya ce..."

Dahiana ta ce, "Irin wannan matar ta ƙare a duniya."

Ta faɗe shi da muryarsa, har da yadda yake jan ƙarshen magana ta hanci. Tana rufe baki na ga hannunta ya tsaya cak, jan farcen ya ɗiga a kan siminti.

Miguelina ta dube ta, ta dube ni.

Na ce, "Ke da ba kya kallon fim ɗin kuka."

"An ba ni labari ne a wurin aiki."

"An ba ki labarin abin da Radhamés ya raɗa min a kunne?"

Ta rufe kwalbar a hankali. Idonta ya kawo ruwa. Ku fahimce ni, ba kishi na ji ba. Wa zai yi kishi a kan mai sakace da tikiti? Abin da na ji kamar na taka wani abu mai laushi da ƙafa ba takalmi.

Miguelina ta jawo bokiti ta kife ta zauna. Ta ce, "Dahiana, yi magana. Ba inda za ki da ɗanyen farce."

Dahiana ta ce, "Farkon watan nan ne. Ya zo kantinmu, ya ce yana so mu yi shawara a kan kyautar da zai saya miki. Na shiga motar. Sai ga mu a sinima. Fim ɗin nan, layin baya, har kazar. Na rantse da Allah ban san haka zai yi ba."

"Sai me?"

"Da muka fito ya fara tambayata. Wai ya ji na yi karatun jinya. Na iya allurar ciwon suga? Na iya juya mara lafiya ni kaɗai? Ina ƙyanƙyamin kashi? Na ce masa wannan wace irin hira ce. Sai ya fito min a fili. Kin san uwarsa, Doña Tatica, da ɓarin jikinta ya shanye bara?"

Na ce na sani. Sau ɗaya ya kai ni na gaishe ta, tana kwance a ɗaki mai duhu, ba ta ce min komai ba.

"Masu jinyar da yake ɗauka ba sa zama, kowacce sai ta gudu. Ya ce mai aiki tana tafiya, amma matar aure ba ta tafiya. Yana da mace a can New York, Yudelka, da yara. Ya ce ita ba za ta iya da warin tsohuwa ba, shi kuma zai koma. Yana neman wadda zai ɗaura wa aure a nan ya bar mata uwar. Ya ce ke ce ta farko a ransa saboda kin san magani, amma kina da taurin kai, shi ya sa yake dubawa ko da wata."

Miguelina ta ce, "Wato gwaji yake muku. Kamar mai zaɓen fiya a kasuwa, ya latsa wannan ya latsa waccan." Ta tofar da miyau ta gefen baranda. "To wallahi yanzu na gane. Akwai wata mai aikin asibiti da nake wa gashi, satin da ya wuce take ce min wani mai farar mota ya kai ta kallon fim ya sa ta kusa amai. Ban kawo komai ba."

Na tuna duk hirarmu da shi. Bai taɓa tambayata wace waƙa nake so ba, ko me yake ba ni dariya. Kullum sai dai, wane magani ne ya fi na gyambon kwanciya, bayana yana ciwo in na ɗaga kaya, ina da nauyin barci. Ni kuwa ina ta amsawa, a zatona mutumin bai iya hira ba ne.

Na ce, "Me ya hana ki gaya min? Kullum muna tare. Ranar Alhamis ma ke kika raka ni sayen rigar da na saka jiya."

Ta share ido da bayan hannu. "Na je zan gaya miki. Washegari na je gidanku, ba kya nan, na tarar da Mami. Na faɗa mata komai."

"Mami ta sani?"

"Ta ce in rufe bakina. Ta ce ba yau ta sani ba, shi da kansa ya zauna ya yi mata bayani. Wai ya yi alkawarin zai nema wa ƙaninki Wilkin takardun tafiya, kuma ke ma za ki samu gida da sunan matar aure, jinya kuwa lada ce. Ta riƙe hannuna ta sa na yi mata alkawari. Ta ce in na ɓata wannan abin, na ɓata rayuwar mutum biyu."

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Shi ne. Saƙon murya ya turo, na danna ba tare da na yi niyya ba, muryarsa ta cika barandar, yana taunar wani abu yana magana. "Sarauniyata, kada ki yi sauri, ki yi kyau sosai. Akwai abin mamaki da na shirya miki."

Na miƙe. Miguelina ta ce, "Ina za ki da rola a ka? Bari in cire miki."

Na ce ta bar su. Ta ɗauko ɗankwali mai raga ta ɗaura min, ta ce in na ji abin ya fi ƙarfina in dawo, akwai katifar yara. Dahiana ta kama gefen rigata ta ce in yafe mata. Na ce, "Ba yau ba." Ban faɗa da faɗa ba, iyakar abin da nake da shi ke nan.

Tun daga bakin layinmu na hango farar motar a ƙofar gida, an sauke murfin bayanta. Maƙwabta suna tsaye a barandarsu suna kallo. A falo na tarar da kayana: akwatina, takalmana a cikin buhu, hotunan da na liƙa a bango tun ina sakandare an tattara an ɗora a kan talabijin. Gidan yana warin fitsari da man zafi, Mami ta fesa turaren ɗaki a kai, abin ya haɗu ya zama wani iri.

Radhamés ya fito daga ɗakina yana goge gumi da gefen rigarsa, cibiyarsa a waje. Ya buɗe hannu ya ce, "Ga ta nan. Har da rolarta."

Na wuce shi kamar ban gan shi ba. Mami tana bakin ƙofar ɗakin riƙe da zanen gado, har yanzu da rigar coci a jikinta. Ta ce, "Kin dawo da wuri."

"Me ake yi a ɗakina?"

"Fenti ake wa gidansu, ƙamshin yana damun Doña Tatica. Sati ɗaya kawai za ta yi. Ke sai ki kwana wurina."

"Mami, na ga Dahiana."

Fuskarta ba ta canza ba. Abin da ya fi tayar min da zuciya ke nan, ko kunya ba ta ji ba. Ta rage murya ta ce, "To kin ji. Sai me? Ni da na auri ubanki don so, me na samu? Kowane aure jinya ne, 'yar nan. Gara ke kin san taki tun daga farko. Ki dubi ƙaninki, shekara nawa yana zaune ba aiki."

"Shi Wilkin ɗin ya zo ya yi jinyar mana."

"Kada ki ɗaga min murya a gaban baƙi."

Radhamés ya ce daga falo, "Mami, bari in matsar da mota, na tare wa mutane hanya." Har ya fara ce mata Mami. Ta bi shi da sauri tana cewa ya tsaya ya sha kofi.

Na shiga ɗakin don in ɗauki cajata da kayan aikina in koma gidan Miguelina. Niyyata ke nan, ba na ɓoye muku. An shimfiɗa leda a kan gadona, an kwantar da Doña Tatica a kai. Ta rame fiye da ranar da na fara ganinta, farin gashinta ya dunƙule a ƙeya, ba a taje shi ba ko na ce wata guda. Rigar barcinta a jiƙe take har gwiwa. A gefe ga keken guragu a naɗe, ga jaka ɗaya, ga wani ƙaramin gunkin Maryamu da aka naɗe a tawul. Na ɗauke kai, na miƙa hannu zan zare caja daga bango.

Sai na ji an kama min wuyan hannu. Hannunta mai lafiyar ne, sanyi ƙalau, amma da ƙarfi. Na zaci ba ta magana. Bakinta a karkace yake, kalmomin suna fita da ƙyar, sai da na sunkuya har rolata ta taɓa matashin.

Ta ce, "Ke ce ta kantin magani?"

Na ce ni ce.

"Kin fi sauran kirki a fuska. Ki yi haƙuri, na ɓata miki gado. Tun safe nake roƙonsa ya kai ni bayan gida."

Duk ƙyamar da na shigo da ita tana nan, amma ta bar kan tsohuwar nan ta koma inda ya dace. Na ce, "Ba komai, Doña. Sati ɗaya ne, in an gama fentin za ki koma ɗakinki."

Ta girgiza kai a kan matashin. Hawaye ya gangaro daga idon da yake rufuwa, ɗayan yana kallona a bushe.

Ta ce, "Ba fenti ake ba, 'yata. Ya sayar da gidan. Shekaranjiya ya kama hannuna ya dangwala a takarda. Jirginsa gobe da safe."

A waje na ji an rufe murfin bayan motar, na ji Mami tana cewa kofin ya kusa. Sannan injin ya tashi. Na tsaya ina sauraro ko zai tsaya a gaba kaɗan, inda ba zai tare wa kowa hanya ba. Ƙarar ta yi ta nisa har ta sha kwanar kantin kusurwa, Doña Tatica kuma ba ta saki hannuna ba.